Shekara Shida a Gonar Baban Saloma

"Give up! Na ce give up!"

Ƙarar ƙotar fartanya a gadon bayan Sila ce ta sa Saloma ta saki ƙwaryar kunun da ta kawo gona. Yayanta Solomon ne a kansa, sojan da aka sallama bara, ya dawo Zuru da Turancin bariki da zuciyar da ba ta sanyi.

Shekara shida ke nan Sila yana golmo a gonar babanta, noman da saurayi ke yi wa suruki shekara bakwai kafin a ba shi mata. Saura damina ɗaya. Dokar gidansu kuwa ba wanda bai sani ba: mai golmo ya ɗaga hannu kan ɗan gida, duk gumin da ya zuba ya tashi a banza. Solomon ya fi kowa sani, abin da ya kawo shi ke nan, ya tunzura Sila ya rama. Wai ƙanwarsa mai takardar malanta ba za ta ƙare a ɗakin wanda ko aji uku bai gama ba.

Sila ya durƙusa tsakanin kunyoyin dawa, ya harɗe hannuwansa a baya don kada su ci amanarsa. Jini na bin haɓarsa, ya waigo.

"Saloma... mi yaka cewa?"

"Cewa yake ka haƙura," ta faɗa. "Give up... ka saki abin da ka riƙe, ka ce ka gaji. Ni yake nufi, masoyina!"

"To yaya ake cewa ba ni yi?"

Oh, Sila! Ana dukansa yana neman darasi. Cikin tausayinsa da ƙaunarsa ta faɗa masa.

"I will not give up."

Sila ya tofar da jini, ya dubi Solomon ido cikin ido, ya jero kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai dashen gero.

"I... will... not... give up."

Abokan golmonsa suka ɗauki sowa. Wannan sowar ce ta ƙarasa haukata Solomon, ya ɗaga ƙotar da hannu biyu, ya nufi kai.

"Yaya, kar ka kashe shi!"

Ba ta san lokacin da ta faɗa tsakaninsu ba. Ta dai ji ƙas! a kafaɗarta, ƙasa ta taso ta tarye ta.

Duka fiye da goma Sila ya shanye bai motsa ba, amma wannan ɗayan da ya sauka kan Saloma ya fi ƙarfinsa. Ya miƙe, ya sunkuci Solomon, ya maka shi kan kunya, ya bi shi da naushi har haƙori ya fita.

"Sila, a'a! Sila, shekarunmu...!"

Ina! Aikin gama ya gama. Baba yana tsaye bakin gona da sandarsa, ya ga komai. Ya daɗe yana duban ɗiyarsa a ƙasa, idonsa jawur.

"Don ɗiyata ka yi, na gani," ya ce. "Amma ba ni na kafa dokar ba, kuma ba a kaina za ta karye ba. Shidan nan sun faɗi."

Saloma ta fashe da kuka mai cin rai. Shekararta ashirin da huɗu, kayan ɗakinta na jibge a ɗakin Mama tun bazara.

Sila ya share baki da bayan hannu, ya ɗauke ta cak ya miƙa wa matan da suka rugo, sannan ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, in mutum zai sake, daga ina yake farawa?"

"Daga ɗaya, ɗana."

Sila ya juyo ya dubi Saloma.

"Kina iya jira?"

Kafaɗarta na zugi, hawaye na shiga mata baki, ta ɗaga masa kai alamar eh.

Ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa, ya koma kan kunyar da ya bari.