Bangon Malam Dattijo

A bakin kanal ɗin Bunkure Taufiq ya fara ganin Muhsina, wata ranar kasuwa a 2006. Yana wanke kwandunan tumatir, ita ta tsaya ɗauraye ƙafa. Garin kallonta ruwa ya tafi masa da kwando guda, ita ce ma ta nuna masa tana dariya. Kafin sati ya zagayo ya samo lambarta.

Soyayya ta yi nisa har aka sa rana. Sai dai Taufiq ɗan Madobi ne, noman rani ya kawo shi, ciki da falo yake haya a gidan wani tsoho, Malam Dattijo, dab da kanal. Da Gwaggo Asta, ƙanwar mahaifin Muhsina, ta je ganin ɗaki, sai ta dawo tana tafa hannu. Ta ce bango duk ya yi dabbare-dabbare, ita ba za ta yi jere a nan 'yan biki su yi da su ba. Mahaifin ya ce a gyara, ko a ɗaga rana. Ga Hashimu mai sayen shinkafa, mai gidan kansa, kullum babur ɗinsa na ƙofar gidan su Muhsina.

Hankalin Taufiq ya tashi. Ya nemi izinin yin fenti, Malam Dattijo ya ce kar ya taɓa masa bango, bai ƙara komai ba. Wanda soyayya ta ɗiba kuwa ba ya jin bari. Tsohon na tafiya ta'aziyya Dawakin Kudu, Taufiq ya shafe ɗakin da shuɗin fenti, a satin da aka sako ruwa a kanal. Kwana uku fentin ya kumbura, ya dinga saluɓewa kamar fatar dafaffen tumatir.

Kunya ta hana shi ɗaga waya. Muhsina ta kasa ci, ta kasa zama wuri ɗaya, har ta gaji ta rubuta masa saƙo a waya:

"Nawan, kwana huɗu shiru. In ka fasa ne ka faɗa min da bakinka. Jiya Hashimu ya turo kawunsa wajen Baba."

"Sanyin idona, ban fasa ba wallahi. Ɓarna na yi a ɗakin, na rasa idon da zan kalle ki da shi."

"Ni ba bango zan aura ba. Amma ka je ka ba tsohon nan haƙuri yau."

Ya je, ya durƙusa. Malam Dattijo ya dubi bangon, ya ce:

"Da ka tambaye ni dalili, da na faɗa maka. Ruwan kanal ne ke tsattsafowa ta ƙasa. Kai da kake manomin rani, ba ka san halin ruwa ba?"

Washegari Taufiq ya ɗauko shebur ya fara haƙa magudana a bayan ɗakin. Abokansa suka ce wahalar banza yake yi, yana gama gyarawa mai gida zai iya tashinsa. Ya ce ko wata ɗaya Muhsina za ta zauna a ciki, ba za ta kwana cikin danshi ba.

A haka mahaifinta ya zo ya same shi, cikin taɓo har gwiwa, yana gyaran gidan da ba nasa ba. Ya juya ya koma gida. Da yamma ya aika aka ba kawun Hashimu haƙuri.

Bango bai gama bushewa kafin biki ba. Gwaggo Asta tana mita tana jere, ta rufe inda aka kankare da labule. Ranar da aka kawo amarya, Malam Dattijo ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama.

"In ya bushe, 'yata, ki zaɓi launin da kike so. Muddin ina raye ba mai tashinku a ɗakin nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Muhsina ta amsa da amin daga cikin mayafi, hawaye na zubo mata.