Matankaɗi da Ramukan Malam Tanimu

Daƙiƙa tara Matankaɗi yake ɗauka kafin ya yanke hukunci. Inji ne a Ma'aikatar Haƙƙin Ƙirƙira ta Birnin Tsakuwa. Kana miƙa masa bayanin abin da ka ƙirƙiro, ya tankaɗe duk rubutun da ɗan Adam ya taɓa yi, ya ga ko wani ya riga ka. In fitilarsa ta yi kore, abin naka ne har shekara ashirin. Abin da ba a rubuta ba kuwa, a wurinsa ba a taɓa yin sa ba.

Ran nan ya kunna wa Barista Kubura kore. Injiniyar sinadarai ce kafin ta karanta shari'a, shi ya sa masu ƙirƙira ke rububinta: tana fahimtar inji, tana kuma iya ɗaure shi da kalmomi. Wannan karon tukunyar rini ta Kamfanin Zarra ta yi wa rajista. Kafin nan, wata shida tukunyar tana ba su shuni mai zuba, har ranar da Kubura ta leƙa ta ce, "Ku ƙara tokar katsi a kwana na uku, kada ku motsa sai kumfa ta yi ja." Ta faɗa ne kawai, kamar mai gyara wa wata miya. Da aka gwada abin ya yi, ita da kanta ta rubuta shi a sakin layi na huɗu na takardar rajistar, tana jin daɗin iyawarta.

Bayan mako biyu, jirgin saƙo ya sauka a marinar mahaifinta, Malam Tanimu, ya manna jan hatimi a ramukansa goma sha biyu. Na'urorin shinshina na kamfanin sun gano ana amfani da sakin layi na huɗu ba izini.

Ta tarar da shi zaune a bakin rami, hannayensa shuɗaye har gwiwa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wai sun ce sata nake yi. Wa na yi wa?"

Kunya ta hana ta ɗaga kai. A nan ta ji maganar tokar katsi, wato ƙonanniyar lakar gindin ramin rini, tana 'yar shekara bakwai tana riƙe masa muciya.

"Baba, ba ku taɓa rubuta shi ba? Ko a bayan wata takarda?"

"Rubutu? Kakana a kunne ya gaya wa ubana. Abin da aka rubuta ai na kowa ne."

Hanya ɗaya ta rage, kuma ta san ta tun a makaranta. In lauyar da ta tsara takarda ta yi rantsuwa cewa ilimin gado ta cusa a ciki, Matankaɗi zai soke rajistar, ita kuma a karɓe lasisinta. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tsaya gaban injin ta faɗi komai: kwana na uku, launin kumfa, sunan kakan mahaifinta. Shekaru goma sha tara na aiki suka tafi a daƙiƙa tara.

Sai dai doka ta ce duk abin da aka soke a buɗe shi ga duniya. Kafin la'asar masana'antu dubu huɗu sun sauke bayanin.

Ta koma marina, an cire hatimin. Tsohon yana motsa rami a hankali.

"Baba, an sake muku ramukanku. Amma yanzu kowa ya sani."

Ya ɗebo ruwan rinin da yatsa, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Na so in gaya miki sauran a kunne, ranar da kika gama yawon bokonki," ya ce. "Akwai abin da ake yi a kwana na biyar."

Ta matso, ta durƙusa a gefensa.

Ya dube ta da tausayi, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa. Sannan ya mai da idonsa kan ramin.

"Bar shi, Uwata. Ke hannunki ya saba da alƙalami."