Furanni Huɗu Ga Malama Raykova

Yara, kafin in fara sai kun yi mini haƙuri. Wani ɓangare na labarin nan ya zube mini a hanya. Sunan yarinyar ya ɓace mini. Launin furannin ma ya ɓace. Da safe nakan ce ja ne, da yamma in ce fari. Na tsufa ina karatun tarihi, har yau ina iya jero sunayen sarakunan da suka mutu tun tuni, amma sunan 'yar maƙwabcina ya gagare ni. To, abin da ya rage shi zan ba ku.

A birnin Plovdiv ne, a dogon benenmu na kusa da kasuwa. Ni ina hawa na biyu, su suna can sama. Watan Satumba ne. Wannan ba na shakka, domin kowa yana gasa tattasai a baranda, ƙamshi ya cika matakala.

Yarinyar shekararta takwas. Kullum da makullin gida rataye a wuyanta. Uwarta, Rumyana, nas ce a asibiti. Ubanta, Zahari, direban bas ne. Suna sonta ƙwarai, amma kullum cikin sauri suke.

Dokokin gidan kuwa da yawa.

"Kada ki fita da jiƙaƙƙen gashi."

"Kada ki zauna a kan siminti."

"Kada ki buɗe taga da ƙofa tare."

In ta ce, "Don me, Mama?" sai a ce, "Anjima." Anjiman nan kuwa bai taɓa zuwa ba.

Ranar komawa makaranta ta zo, ranar da kowane yaro yake kai wa malaminsa furanni. Rumyana ta dawo daga aiki da sassafe, riƙe da furen wardi biyar da ta saya wurin Inna Donka a kasuwa.

Ta ce, "Ungo, na Malama Raykova ne. Kada ki cire ko ɗaya. Kada kuma ki ƙara."

"Don me, Mama?"

"Anjima. Ɗaura takalminki. Ni sai na koma asibiti, wata ba ta zo aiki ba."

"Baba fa? Zai raka ni?"

"Babanki yana kan hanya tun asuba. Ai ke babba ce, aji biyu. Maza!"

Yarinya ta tafi ita kaɗai.

A bakin makaranta yara sun cika, kowa da furanninsa. Sai ta hango ƙawarta Bilyana a bayan bishiya, hannu wayam.

"Bilyana, ina naki?"

Bilyana ta share ido. "Mama tana asibiti, ta haihu. Baba kuma ya manta. Ni ba zan shiga ba."

Yarinya ta tsaya. Kanta ya ɗaure. Mama ta ce kada a cire ko ɗaya. Amma ai Maman ce kullum take cewa, "In kina da shi wani ba shi da shi, ki ba shi." To, wace Mama za a bi? Ta safiyar yau, ko ta kullum?

Ƙararrawa ta kaɗa. Ta zare fure ɗaya ta miƙa wa Bilyana. Suka shiga tare suna dariya.

Malama Raykova tana tsaye a gaban aji. Ta rame, domin ta yi jinya a lokacin hutu. Yara suka yi layi suna miƙa mata furanni. Wasu iyaye suna leƙe daga bakin ƙofa.

Bilyana ta miƙa nata guda ɗaya. Malama ta shafa kanta.

Yarinyarmu ta miƙa nata.

Akwai wani yaro a ajin, Momchil, wanda ba abin da yake wuce shi bai ƙirga ba. Ya ɗaga yatsa. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu! Malama, ta kawo miki na maƙabarta!"

Aji ya juyo gaba ɗaya. Wata mata a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Uwar Momchil ta leƙo da kai.

"Ke, wa ya ba ki huɗu?"

Yarinya ba ta gane laifinta ba. Ta dai ga duk ido yana kanta. Ta dubi Bilyana, ta ga tsoro ya kama ta. Ta tuna kashedin Mama. Sai bakinta ya riga ta.

"Mama ce ta ba ni haka."

Iyaye suka dubi juna. Kowa ya san bara Rumyana ta yi 'yar cacar baki da Malama a kan yawan aikin gida.

Malama Raykova ta ce, "Na gode, 'yata. Je ki zauna."

Lokacin tara, yarinya ta tare Momchil.

"Me huɗu ya yi?"

"Ke ba ki san komai ba? Mamaci ake kai wa huɗu. In kika ba mai rai, shi ke nan, sai ya bi su. Kakata ta faɗa."

"Ƙarya kake!"

"To, ki zuba ido, sarkin kyauta."

Washegari Malama Raykova ba ta zo makaranta ba. Wani malami ne ya shigo a madadinta. Bai ce komai a kanta ba. Momchil ya juyo ya ɗaga wa yarinya yatsu huɗu.

Ranar ba ta ji ko kalma ɗaya ta darasi ba.

Da yamma aka zuba miyar wake. Yarinya tana ta juya cokali, ba ta kai baki. Rumyana ta shigo ta ajiye burodi da ƙarfi.

"Zahari, ni na rasa gane kan mutanen unguwar nan. Na shiga shagon burodi, kowa ya yi shiru. Uwar Momchil ta ce mini, 'Rumyana, ko ba kya son mutum, ai abin bai kai nan ba.' Wai na aika wa Malama fure huɗu!"

Zahari ya ce, "To, nawa kika aika?"

"Biyar! Da hannuna na ƙirga."

"Kin kwana kina aiki fa. Ranar nan ma ai gishiri kika zuba mini a kofi."

"Wannan da gangan na yi. Ka bar wasa, matar nan daga jinya ta taso. Me za ta ɗauke ni?"

Ta juya ga 'yarta. "Nawa kika kai mata?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Yadda kika ba ni."

Kun ji ƙarya ta biyu. Ita ta fi ta farko saurin fitowa.

Rumyana ta ce, "To, Inna Donka ce ta rage mini ɗaya lokacin naɗewa. Gobe Asabar, za ta ji daga gare ni."

Zahari ya dubi kwanon 'yarsa. "Ita kuma wannan me ya hana ta ci? Ko iskar taga ce ta buge ta?"

Aka taɓa goshinta, ba zafi. Aka duba maƙogwaro, lafiya lau. Aka ba ta shayi da zuma. Ba wanda ya tambaye ta abin da yake damunta.

A nan ne ni na shigo labarin, kuma ba wani abin kirki na yi ba.

Da hantsin Asabar na fito zan je, ina ne ma? Ko ɗakin karatu, ko wurin mai gyaran tabarau. Na tarar da ita zaune a matakala, a kan simintin da aka hana ta.

Ta ce, "Kaka, kai ka karanta littattafai da yawa, ko?"

"Na karanta. Rabinsu sun gudu, amma na karanta."

"In aka ba mutum fure huɗu, kwana nawa yake yi kafin ya mutu?"

Na zauna kusa da ita, gwiwoyina suna ƙara. Ta kwashe komai ta faɗa mini, tana kuka.

Na ce, "Saurara, jikata. A duk abin da na karanta, na ga yaƙi ya kashe mutane, na ga annoba ta kashe. Ban taɓa ganin inda fure ya kashe kowa ba. Al'adarmu ce kawai. Ɗaya, uku, biyar, na masu rai. Biyu, huɗu, shida, na kabari. Mutum zai ji ba daɗi, amma ba zai mutu ba."

"To, me ya sa ba ta zo ba?"

"Wannan ban sani ba. Amma na san abu ɗaya. Yanzun nan na ga mamarki ta wuce, fuska a murtuke. Wa za ta je yi wa faɗa?"

Yarinya ta zabura. "Inna Donka!"

"Ita me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba."

Ta ruga da gudu. Sai ƙarar takalminta na ji a matakala, makulli yana tsalle a wuyanta.

Ta iske uwarta a gaban rumfar furanni, ta riga ta fara faɗa.

"Inna Donka, shekara nawa ina ciniki a wurinki? Na ce biyar, ki naɗe mini huɗu?"

Inna Donka ta riƙe ƙugu. "Ni? Huɗu ranar makaranta? 'Yar nan, haƙorana ne suka zube, ba hankalina ba."

Yarinya ta kama rigar uwarta tana haki.

"Mama, ni ce! Biyar ne. Ni na cire ɗaya na ba Bilyana, ba ta da ko ɗaya. Da aka tambaye ni sai na ce ke ce. Kuma yanzu Malama ba ta zo ba, Momchil ya ce na kashe ta!"

Rumyana ta yi sororo. Ta dubi 'yarta, ta dubi Inna Donka.

"Ban ce kada ki cire ba? Tunda ba ki gane ba, me ya hana ki tambaya?"

"Na tambaya, Mama. Kin ce anjima."

Inna Donka ta hau gyaran furannin da ba su bukatar gyara.

Can sai Rumyana ta durƙusa a tsakiyar kasuwa, ta riƙe kafaɗun 'yarta.

"Gaskiyarki. Laifin nan da nawa a ciki. Da na gaya miki dalili, da kin ba Bilyana biyu, ko?"

Yarinya ta ƙirga da yatsu. "Da ni ina da uku. Amma ita tana da biyu."

Inna Donka ta ce, "Ka ji! Uwar ma lissafin ya rikice mata."

Rumyana ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce, "Kyautar da kika yi ba laifi ba ce. Ƙaryar ce laifi. Kin ga har ta kai ni ga zargin tsohuwar da ba ruwanta. Ba ta haƙuri."

"Inna, ki yi haƙuri."

"Ni ma ki yafe ni, Inna," in ji Rumyana.

"Ku je, ku je, kuna tare mini masu saye."

Ranar Litinin Rumyana ta nemi izini a wurin aiki, ta raka 'yarta makaranta. Yarinya tana tafe tana jan ƙafa. Ta leƙa aji da ido ɗaya.

Ga Malama Raykova zaune, kumatu ɗaya a kumbure.

"Malama! Ba ki mutu ba!"

"Ban samu lokaci ba, 'yata. Haƙori aka cire mini."

Yarinya ta tsaya a gaban aji. Ta faɗi komai. Uwar Momchil tana bakin ƙofa, ta ji da kunnenta. Ta kama duba cikin jakarta kamar ta yar da wani abu.

Malama ta ce, "Na sani. Bilyana ta gaya mini tun ranar, bayan an tashi. Jira nake in ji daga bakinki."

Ta nuna wata kwalba a kan taga. "Momchil, kai ne gwanin lissafi. Zo ka ƙirga mana."

Momchil ya zo yana sosa kai. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar."

"Huɗu nata, ɗaya na Bilyana. Daga dami ɗaya suka fito, hannu ɗaya suka shiga. Ni biyar aka kawo mini, sai dai mutum biyu ne suka ɗauko."

Aji ya ɗauki tafi.

Malama ta ce, "Ku saurara, yara. In ba ku gane abu ba, ku tambaya, ku sake tambaya. In kuka yi kuskure, ku ce ku ne, kada ku ɗora wa wani. Ku kuma iyayen da ke bakin ƙofa, in kun ba yaro doka, ku haɗa masa da dalili."

Rumyana ta ce, "Mun ji, Malama."

Tun daga ranar, in an zauna cin abincin yamma a gidansu, yarinya tana da damar tambaya ɗaya, kuma ba a cewa anjima. Zahari ya ba ni labarin ta farko.

"Baba, don me ba a buɗe taga da ƙofa tare?"

"Tambayi uwarki."

"Mama, don me?"

"Iska tana sa ciwon wuya."

"Wa ya ce?"

"Kakarki. Gobe sai mu buga mata waya, ni ma ina so in ji."

Shekaru sun wuce, sun tashi daga benenmu. Da na zo rubuta muku labarin nan, na ji tsoron ko kaina ne ya ƙirƙiro rabinsa. Sai na nemi gidan Malama Raykova, na hau bas na je. Ta gaya mini sunan yarinyar, amma kafin in sauko daga matakala ya sake gudu. Ga dai abin da na tabbatar, na kuma rubuta a tafin hannuna tun ina zaune a gabanta. Furannin ruwan ɗorawa ne. Malama kuwa ta haura shekara tamanin, kuma na same ta a baranda tana gasa tattasai.