Baitin da Gara Ta Ci

Kawu Albarka wanzami ne ya ba ni takardar wata tsohuwar waƙar ajami, ya rantse ta kakanmu ce. Baitin ƙarshe, inda mai waƙa ke faɗin sunansa, babu shi. "Gara ta ci," in ji shi. Na yarda, na saka hotonta a rumbun tarihi na intanet da sunan kakanmu.

Bayan isha, ina komawa Kalgo daga Gwandu a kan babur, wata tsohuwa ta tsai da ni. Da ta hau, babur ɗin bai ko motsa ba, kamar ba ta da nauyi. Sai warin ɗanyar tawada.

Ta fara rera waƙar a bayana, har ta wuce inda takardar ta ƙare: "Ni Hassi na tsara ta."

"Inna, ina kika samo wannan baitin?"

"Ɗana, na daɗe ina jiran mai gaskiya, sai ka ba wani gumina gaban duniya. Gara tana ci a miƙe?"

Na tuna bakin takardar, sumul kamar aikin askar Kawu. Na leƙa madubi, ba kowa a bayana. Amma yatsunta masu sanyi suna nan riƙe da kafaɗata.