Ƙamshi a Dunƙule

Akwai wata yarinya a wani ƙauye cikin jan rairayin hamada. Ko aikenta aka yi, rabin hankalinta yana sama tare da gajimare.

Sanyi ya shigo, lokacin da ake ƙona tsohuwar ciyawar tjanpi mai tsini, don sabuwa ta tsiro, kangaru su zo kiwo. Amma a bayan wani tudu akwai gindi bakwai na wata irin tjanpi da babu ita ko'ina a yankin. Kakarta Imuna ce ke kula da su tun tana budurwa. Da danƙonsu mahaifin Kaka yake liƙe bakin mashi.

A bana gwiwa ta hana Kaka hawan tudu. Sai ta ba jikarta manjagara, ta ce ta share ƙasa kewaye da gindi bakwai ɗin don kada wuta ta isa.

"Kada ki yarda da ido, 'yar nan," in ji Kaka. "Ki durƙusa. Tamu tana da farin gashi a gindin ganye. Ki murza, ki shinshina, za ki ji ƙamshin danƙo."

Yarinya ta hau tudu. Iska na kaɗa ciyawa, ƙasa duk ta koma ruwan zinariya. Ta kwanta tana kallon wani gajimare mai kama da jimina, har rana ta yi nisa. Da ta tashi, ta ga durƙuso zai sa tsini ya soke ta. Daga tsaye ta zaɓi gindi bakwai mafiya kyau, ta share kewayensu, ta dawo tana waƙa.

Da yamma Kawu Witjiti ya sa wuta.

Washegari ya kai Kaka wurin a mota. Ta murza ganyen da ya tsira, ta kai hanci. Ba ta ji ƙamshin danƙo ba. Can gefe, inda nata suke, toka ce kawai.

Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya cewa ba ta durƙusa ba. Da Kaka ta yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Amma cewa kawai ta yi wataƙila akwai iri yana barci cikin rairayi, in ruwa ya zo.

Wata biyar ba ruwa. Yanzu in yarinyar ta kalli gajimare, roƙonsa take yi.

Da ruwa ya sauka, tsiro ya rufe tudun, dubbai, duk kamarsu ɗaya. Kullum bayan makaranta takan je ta durƙusa, tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Gwiwoyinta duk suka farfashe.

Wata rana ta ga farin gashi a gindin wani ɗan ganye. Ta murza shi a hankali. Ba ta tsinke shi ba. Ta dunƙule hannu, ta ruga gida, ta buɗe shi a hancin Kaka.

Kaka ta lumshe ido, ta ja numfashi, hawaye na bin kumatunta.

"Ita ce," in ji ta. "Nawa kika gani?"

"Ɗaya tukuna, Kaka. Gobe zan koma."

Tun daga ranar ta gane cewa in an ba ka amana, sai ka bi ta yadda aka ce, ko da tsini zai soke ka.