Batiri Mai Zafi a Hanyar Njuwa

Da na san abin da zai biyo baya, da na jona batirin nan da zafinsa na tafi.

Keken lantarki nake ja a Jimeta. Daren nan cajina ya kusa ƙarewa a hanyar tafkin Njuwa, ga maganin zazzaɓin 'yata Raudatu a aljihu. Na tsaya a wata rumfar caji, babu kowa sai kukan kwaɗi. An hana mu jona batiri sai ya huce, sai na zauna jira.

Wata tsohuwa ta fito ta wajen ruwa, zaninta na ɗiga.

"Ɗana, bari in taimake ka."

Ta ɗora tafinta a kan batirin. Da na taɓa, sai na ji sanyi kamar ƙanƙara.

"Raudatu ma jikinta da zafi, ko?"

Ban faɗa mata sunan ba. Na ɗago kai, babu ita, babu sawunta a laka.

Na kira matata a waya. Ta ce, "Baban Raudatu, tsohuwar da ka aiko ta shiga wajenta yanzu."

Raudatu ta tashi lafiya, amma tafin hannunta bai sake ɗumi ba. Har yau ban san abin da tsohuwar ta ɗauka ba.