Kifin Mutum Biyu

Zalika na zaune a ƙofar ɗakinta a unguwar Bobiel tana tsinkar zogale, waya na bisa cinyarta. Wata huɗu ke nan da aka kawo ta daga Maradi gidan Ƙasimu mai taksi, inda yake zaune da uwarsa Inna Kande da ƙannensa. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, kowa ya ci.

Ƙawarta Nafissa ce ta saka ta a wani gurup na mata masu karanta labarin ban dariya na soyayya, wanda marubuciyar ke rufe kowane babi da girki. Zalika ba ta yi nisa a lakwal, karatun boko, ba, sai ta furta kalma a fili take gane ta, amma ba ta bari babi ya wuce ta. Bayan kowane babi matan sai su cika gurup da bokal, wato saƙon murya.

— Wayyo cikina! Halidun nan na labarin da ya ƙona shinkafa ya ce sabon salo ne!

— Ni labarin bai dame ni ba, girkin nake jira.

— 'Yan uwa, ku gwada kifin nan mai albasa da mutar, yajin nan na kwalba. Maigidana har ya ce mini sheri, wai masoyiyarsa, abin da bai faɗa ba tun muna amare!

Wannan ta ƙarshe ce ta zauna wa Zalika a rai. Ƙasimu mutumin kirki ne, sai dai a gajiye yake dawowa, ya ci tuwo ya kwanta. Washegari ta sayo karfasa guda, ta bi littafin daki-daki. An rubuta: na mutum biyu, a kwano ɗaya. Haka ta yi, a 'yar ƙaramar tukunya, bayan ta sauke tuwon gida.

Ƙasimu ya ci yana lumshe ido, har ya tsaya yana ba ta labarin fasinjojinsa tana dariya. Ba su san ƙanshin ya zagaye tsakar gida ba.

Da safe Inna Kande ta tsaya a bakin murhu, ta nuna 'yar tukunyar da ƙafa.

— Wagga ta wa ce?

— Tawa ce, Inna.

— To, madalla! Tun ina amarya ba a taɓa raba tukunya a gidan nan ba, sai da kika zo. Tunda kun ware, ku ware gaba ɗaya. Na bar cin abincinki.

Zalika ta durƙusa, hawaye na zuba. Daga ranar Inna ta hura nata murhu a gefe. Kullum Zalika ta kai mata kwano, kullum ya dawo a rufe. Gaisuwa ma sai da ka take amsawa.

Ƙasimu ya rasa inda zai sa kansa. Ya ba uwarsa haƙuri, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Ran nan ya shigo ya zauna bakin gado.

— Na samu ɗaki a unguwar Kalley. Mu koma, ko hankalin kowa ya kwanta.

— A'a, maigida, don Allah. In muka tashi, maganarta ta tabbata ke nan, na raba ka da ita. Ni na yi kuskuren, ka bar ni in gyara.

Ta ci gaba da kai kwano. Labarin kuma ba ta daina ba, don shi kaɗai ke sa ta murmushi. Da la'asar takan zauna tana haɗa kalmomi a hankali. Sai ta lura Inna ta fara matso da tabarmarta, wai inuwa take bi. Rannan da Halidu ya faɗa cikin kwandon tumatir garin leƙen budurwarsa, ta ga kafaɗun tsohuwar na rawa don dariya. Ba ta nuna ta gani ba, ta dai ɗan ɗaga murya.

Ta kai ga girkin babin, dambu da zogale.

— A tafasa zogale, a juye shi cikin dambu da ruwansa...

— Ƙarya take!

Zalika ta ɗago a firgice. Inna ce, ta miƙe zaune.

— Wa ke zuba zogale bai matse ba? Dambu take so ko kunu?

— Haka aka rubuta, Inna. Ko za ki nuna mini?

— Na mutum nawa ta ce?

— Biyu. Duk girkin littafin na mutum biyu ne. Kifin nan ma haka na gani, shi na bi. Wallahi ban yi don in ware ba.

Inna ta tafa hannu.

— Mutum biyu! Su mutanen littafin nan ba su da dangi ne? Daga sama suka faɗo? Tashi ki ɗauko babbar tukunya.

Ranar tare suka yi dambun, Inna na matse zogale tana faɗa, Zalika na daka ƙuli. Da suka gama Inna ta ce a danna mata wayar, ta yi bokal: labarin da daɗi, Halidu sakarai ne amma ta yafe masa, sai dai marubuciya ta tuna a gida akwai uwar miji. Gurup ya kaure da shewa. Marubuciyar da kanta ta yi godiya, ta ce daga yau za ta riƙa sa awon gida duka.

Ƙasimu ya dawo ya tarar da uwarsa da hannu cikin kwanon matarsa. Ya tsaya riƙe da makullin mota, idonsa ya ciko.

Inna ta jawo 'yar tukunyar nan ta tura wa Zalika.

— Ungo. Ki riƙa yi wa mijinki abinsa, ni ma na yi ƙuruciya. Amma ki fara ɗanɗana mini, in ji ko gishiri ya ji.

Zalika ta karɓa da hannu biyu tana godiya ga Allah. Ta gane faranta wa miji ba laifi ba ne, laifin shi ne a manta da wadda ta haife shi. Haƙurin da ta yi na kai kwano ana maido mata, shi ya riƙe mata mijinta da gidanta.

— Ke, bar kukan nan! in ji Inna. Karanto mini, ya fito daga kwandon ko yana ciki?